Yadda za ka gane tsohon hoton Henry Ford na asali

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka bambance hoton Henry Ford, wanda ya kafa kamfanin motoci na Ford a Amurka, na zamaninsa da wanda aka sake wankewa daga baya, kafin ka biya kuɗi.

Fara da bayan hoton. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa na jarida ne, don haka nemi tambarin kamfanin labarai irin su Underwood & Underwood ko Acme, da kwanan wata, da 'yar takardar bayani da aka buga da tafireta aka liƙa. Amma tambari ana iya ƙirƙirarsa, kada ka tsaya nan.

Takardar da aka wanke hoton a kai ce babbar shaida. Shiga ɗaki mai duhu ka haska ta da tocila mai hasken UV, irin wanda ake duba jabun kuɗi da shi. Idan ta yi walƙiyar fari mai shuɗi-shuɗi, akwai sinadarin ƙara fari da aka fara zubawa a shekarun 1950, alhali Ford ya rasu a 1947. Idan kuma bayanta na da santsi kamar leda, ta ƙarshen shekarun 1960 ce ko bayan haka. Sa madubin ƙara girma: ɗige-ɗige a jere na nufin bugun inji ne, ba wankin hoto ba. Ƙyallin azurfa a wuraren da suka yi baƙi a gefunan hoton alama ce mai kyau ta tsufa.

Gwada kwanan da abin da ke ciki. Misali, motar Ford mai suna Model T an ƙera ta daga 1908 zuwa 1927, don haka hoton da ke ɗauke da ita bai kamata kwanansa ya riga 1908 ba. Gidan tarihin The Henry Ford da ke garin Dearborn a Amurka ya sa hotuna da yawa a intanet, ka kwatanta.

Idan ka saya, adana shi cikin ledar poliyesta, nesa da rana da laima. Kada ka yi masa laminashan, zafi da gam ɗin suna lalata shi har abada.