Yaro da shirin ban tsoro a talabijin

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 5 yana firgita cikin barci tun da ya fara kallon shirin aljanu tare da yayyensa.

Mu ma da tatsuniyar Dodo muka tashi, amma a cinyar kaka. In ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta, ta rufe da "ƙurunƙus". Talabijin kuwa ba ta ganin fuskar yaro, ga kiɗa mai tayar da tsikar jiki, kuma a shekarunsa bai gama bambance wasa da gaske ba.

Ki mayar da kallon da rana, kina kusa. Kada a yi masa dariya ko barazana da Dodo. In firgitar ta ɗauki makonni, ko fitsarin kwance ya dawo, ku je asibitin yara na Hasiya Bayero da ke Kano.