Amsa: wane kaya ake kira anko?

'Yar'uwa, kin tambaya ko riga da zani da ɗankwali na atamfa ɗaya su ne anko. A'a, wannan ɗinkinki ne ke kaɗai. Anko sai mutum biyu ko fiye sun sa yadi iri ɗaya, yawanci saboda biki ko suna. Amarya ta zaɓi atamfa a Kantin Kwari, a tura wa ƙawaye hotonta da farashin turmi, sai a ce "an fitar da anko". Kowacce ta kai wa telanta, wata doguwar riga, wata riga da siket, duk ba ya ɓata shi, tunda yadin ɗaya ne. Abokan ango ma suna yi da shadda da hula. Har yaran gida idan aka ɗinka musu iri ɗaya da Sallah, an yi musu anko ke nan.

Za ki kuma ji ana cewa ashobi, daga Yarabanci, ma'anarsa tufafin dangi.

Ni dai roƙona ga amare, a fitar da mai sauƙin kuɗi. Yana min ciwo in ga ƙawa ta ƙi zuwa biki don ba ta da kuɗin leshi.