Fatawa: Musayar tsohon gwal da sulallan zinare, sayen sanda daga Dubai, da zakkarsu

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano. Tun da naira ta fara zubewa a 2023 na koma ajiye ɗan abin da na samu a gwal. Na gaji sarƙoƙi da awarwaro na mahaifiyata masu karat 21, wani mai shago ya ce in ba shi su in yi ciko da kuɗi ya ba ni sulallan zinare na Ingila. Akwai kuma wani a Dubai da nake tura wa kuɗi, bayan mako biyu ya aiko mini da ƙaramar sandar gwal ta hannun matafiya. Sannan ina tara tsofaffin kuɗi: kwabo mai huji, sulallan Turawa, da wani dinari da aka ce tun zamanin Banu Umayya ne, an sa masa kuɗi ninkin nauyinsa sau da yawa. Ɗaya daga cikin sulallan da na saya a baya kuma na gano jabu ne. Mene ne halal a cikin waɗannan, kuma yaya zan fitar da zakka?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ajiye dukiya a zinare ba laifi ba ne. Ayar Suratut Tauba da ta yi narko ga masu taskace zinare da azurfa, Abdullahi ɗan Umar ya bayyana cewa tana magana ne a kan wanda bai fitar da zakkarsu ba. Sai dai zinare ba kamar atamfa ko buhun masara ba ne wajen ciniki. Shari'a ta ɗaure shi da igiya biyu, kuma duk tambayoyinka a kansu suke rataye.

Muslim ya ruwaito daga Ubada ɗan Samit cewa Annabi (SAW) ya ce zinare da zinare, azurfa da azurfa, sai daidai wa daida, hannu da hannu. Idan jinsi ya bambanta ku sayar yadda kuka so matuƙar hannu da hannu ne. Wato idan zinare za a ba da a karɓi zinare, dole nauyi ya zo ɗaya kuma a yi ban-gishiri-in-ba-ka-manda a wurin. Idan kuwa da wani kuɗi za a saye shi, sharaɗin nauyi ya faɗi, na hannu da hannu yana nan. Naira da dala da dirhami kuwa sun gaji hukuncin zinare da azurfa a wannan babi. Haka majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Amman a 1986.

Musayar da mai shago ya yi maka tayi ba ta halatta ba. Na san abin da zai ce: gwal ɗinka tsoho ne kuma karat 21, nasa sabo ne karat 22, ga kuɗin bugu, to yaya za a yi su zo ɗaya? Wannan hujja ba sabuwa ba ce. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wani maƙerin zinare ya zo wa Ibnu Umar ya ce yana ƙera abu ya sayar da shi da fiye da nauyinsa, ya ɗauki ƙarin a matsayin ladan aikin hannunsa. Ibnu Umar ya hana shi. Mutumin ya yi ta maimaita tambayar yana bin sa har bakin masallaci ko wurin dabbar da zai hau, amsa ba ta sauya ba: dinari da dinari, dirhami da dirhami, babu fifiko tsakaninsu, wannan ne alkawarin Annabinmu gare mu, shi ne kuma namu gare ku. Haɗa ciko da kuɗi ma ba ya warware matsalar. Fadala ɗan Ubaid ya sayi sarƙa ranar Khaibar da dinari 12, tana da zinare da duwatsu. Da ya rarrabe ta sai ya tarar zinaren da ke jikinta ya fi dinari 12. Annabi (SAW) ya ce kada a sayar da irinta sai an rarrabe. Dalili a fili yake: da zarar an cakuɗa zinare da wani abu a ɓangare ɗaya, babu wanda zai iya rantsuwa cewa zinaren nan ya yi daidai da wancan.

Gaskiya ne Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun sassauta a kan kayan ado da aka ƙera, suna ganin ƙira ta mai da su haja. Amma ko a wurinsu sassaucin ba ya aiki idan an nufi kayan a matsayin kuɗi, kai kuwa ma'ajiyar kuɗi kake nema, abin da za ka karɓa ma sulalla ne. Majalisar fiƙihun da na ambata, a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ta tsaya kan ra'ayin mafi yawan malamai cewa ƙira ba ta halatta fifikon nauyi.

Mafita tana da sauƙi, kuma Annabi (SAW) da kansa ya koyar da ita lokacin da ma'aikacinsa na Khaibar ya ba da sa'i biyu na dabino maras kyau ya karɓi sa'i ɗaya na mai kyau: ka sayar da naka da kuɗi, sannan ka sayi wancan da kuɗin. Ka sayar da sarƙoƙin da naira, kuɗin su shigo hannunka ko asusunka, cinikin ya ƙare. Sannan ka buɗe sabon ciniki na sulalla. Kada a gindaya cewa dole wurinsa za ka saya. Malamanmu na Malikiyya suna tsananta wa irin wannan kai-komo da mutum ɗaya a zama ɗaya, don kada ya zama wasan yara da sunan ciniki biyu, saboda haka in ka tsallaka shagon gaba ka saya ya fi maka tsira. Af, ka tabbata kayan nan naka ne kai kaɗai bayan rabon gado. In akwai hakkin 'yan'uwanka mata a ciki, wannan ya riga komai.

Batun Dubai shi ya fi damuna, domin ya yi yawa a tsakanin mutanenmu. Ka tura kuɗi yau, a kawo sanda bayan mako biyu, alhali mutumin shi ne mai sayarwa: wannan sayar da abin da ba ya nan ne da abin da yake nan, kuma hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Bukhari da Muslim ya hana shi da lafazinsa. Sayyidina Umar ya kai tsanantawa har ya ce ko abokin cinikinka ya nemi ka jira shi ya shiga gida ya fito, kada ka jira. Gyaran shi ne mutumin ya tashi daga mai sayarwa ya koma wakilinka. Ka tura masa kuɗi amana, ya shiga kasuwa da su ya saya maka daga wani, ya biya ya karɓa nan take. Hannunsa hannunka ne. Jinkirin kawowa Kano bayan haka ba ya ɓata komai, kuma kana iya biyansa ladan wakilci sananne. Idan kuma kamfani ne mai rumbun ajiya, ƙa'idar zinare ta 57 da hukumar AAOIFI, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta fitar a 2016 ta yarda da karɓa ta hukunci, da sharaɗin a ware maka sanda takamaimai mai lambarta a ba ka shaidar mallaka a ranar ciniki. Lamba a fuskar waya da babu wata sanda da aka ware a bayanta ba karɓa ba ce.

Tiransifa a cikin shago kuwa ta wadatar idan kuɗin sun shiga kuna tare. In sabis ya ɗauke, ka zauna ka jira, ko ka bar kayan ka dawo a sake ciniki.

Yanzu gwaji. Mutane da yawa suna cewa, na saya amma zan kai a gwada, in bai yi ba in dawo da shi. A cinikin zinare da kuɗi mafi yawan malamai ba su yarda da sharaɗin zaɓi ba, domin yana hana ciniki yankewa a wurin. To ka gwada kafin ka saya: ku tafi tare wurin mai gwaji, ko ka karɓi kayan amana ba tare da an ƙulla ciniki ba. Kuma ka san abin da kake nema. Karat 24 shi ne tsantsa, ana buga masa 999. Karat 22 ana buga 916, karat 21 kuma 875, karat 18 kuma 750, ma'ana kashi nawa ne zinare a cikin dubu. Sulen zinare na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, tsantsar zinaren cikinsa giram 7.32. Sulen zinare na Afirka ta Kudu da ake kira Krugerrand, wanda aka fara bugawa a 1967, giram 33.93 ne, da tsantsar zinare giram 31.1. Zinare ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, don haka sulen tagulla da aka yi wa wankan gwal ba zai iya cika nauyi da faɗi da kauri a lokaci guda ba. Sikeli mai kyau da ma'aunin kauri suna tona shi. Goga shi a dutse a ɗiga asid, da na'urar haske da manyan shaguna ke amfani da ita, duk fatar waje suke karantawa. Maganaɗisu kuwa baƙin ƙarfe da ire-irensa kawai yake kamawa, rashin kamawarsa ba shaida ba ce. Sanda ta fi sule haɗari, saboda akwai wani ƙarfe, tungsten, da nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare, ana cusa shi a ciki a lulluɓe. Wannan sai na'urar da ke aika sauti ta ratsa cikin sandar, ko a yanka, ko a narka. Hatimi da leda da takarda duk ana buga na jabu.

Wanda ka gano jabu ne, kana da hakkin mayar da shi ka karɓi kuɗinka, domin hakkin mayar da mai aibi ba ya buƙatar sharaɗi. In mai shi ya ɓace, ba ka da damar tura wa wani asarar. "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu", Muslim ne ya ruwaito. Ko da bayani ma kada ka sayar wa wanda kake zaton zai cuci wani da shi. Ka sa a karya shi ko a narka.

Tsofaffin kuɗi kashi biyu ne. Kwabo mai huji da anini da ire-irensu na ƙarfe sun daina zama kuɗi, ba wanda zai sayar maka da ko goro da su tun bayan da naira da kwabo suka karɓi fage a 1973. Haja ne, ka saya ka sayar yadda kuka daidaita, ko da bashi. Amma sulallan Turawa na farko, daga 1913 zuwa wajen 1920, azurfa ne, haka ma dalar Mariya Tereza da tsofaffinmu ke kira liyari. Waɗannan hannu da hannu. Dinarin nan kuwa kana iya sayensa da naira a kowane farashi, lakadan, domin jinsi ya bambanta. Abin da ba ya halatta shi ne a ba da shi a karɓi zinaren da ya fi shi nauyi. Tsufa ba ya fitar da zinare daga zinare. Sai dai ka yi hattara. Dinarin Musulunci mai rubutu zalla, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya buga shi a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa kusan giram 4.25, kuma kwaikwayonsa ya cika kasuwanni. Shekarar da ke jikin sule ba ta tabbatar da shekarunsa: ita liyari ana ta sake buga ta har zamaninmu, amma 1780 ake rubuta mata. Mai gwajin gwal zai gaya maka zinare ne ko a'a, ba zai iya gaya maka na zamanin Banu Umayya ne ba. Ƙarin kuɗin da za ka biya na tsufa ne, to in babu masanin tsofaffin kuɗi da zai tabbatar da tsufan, kana sayen abin da ba ka sani ba, ni kuma ba na ba ka shawarar haka. Wanda ya sayar da shi da sunan tsoho alhali ba shi da tabbas, wajibi ne ya faɗi hakan.

Hoton sarki ko na dabba a jikin sule ba ya hana mallakarsa. Sahabbai sun yi mu'amala da dinarin Rumawa mai hoton sarakunansu shekaru da dama kafin Abdulmalik ya buga nasa.

Zakka: nisabin zinare miskali 20 ne, wato giram 85 na tsantsa. A karat 22 ya kama kusan giram 93, a karat 21 kusan 97, a karat 18 kusan 113. Sulallan Ingila 12 sun haura nisabi, 11 ba su kai ba su kaɗai. Amma a mazhabarmu ana haɗa zinare da azurfa don cika nisabi, kuɗin da ke hannunka da na banki ma suna shiga. In shekarar Musulunci ta zagayo sai ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, da zinaren ko da ƙimarsa a ranar fitarwa, ba farashin ranar da ka saya ba. Sarƙoƙin mahaifiyarka, lokacin da take sawa babu zakka a kansu a wurin Imam Malik. Yanzu da suka zama ajiya a hannun namiji akwai. Dinarin tarihi da nauyinsa ake lissafa nisabi, sai dai in don kasuwanci ka saye shi, to ka fitar bisa ƙimarsa ta kasuwa, wannan ya fi kuɓutar da wuya. Kwabo da anini da ka tara don sha'awa babu zakka a kansu.

Abin da ya riga ya wuce na Dubai cikin rashin sani, ka nemi gafarar Allah, ka kira mutumin ku mai da tsarin wakilci kafin ka sake tura ko sisi.

Wallahu a'alam.