Ƴar'uwa, wannan tarin na san shi

Salamu alaikum. Ƴar'uwa, da na karanta cewa maigidanki magini ne, busasshen tari da haki sun hana shi barci, an auna majina har sau biyu ba a ga tibi ba, sai da na aje wayar tukuna. Wallahi labarina kika faɗa.

Shekara takwas na yi a nan Tawa muna ɓamɓare tsofaffin rufin siminti, mai tudu da kwarin nan, muna yanka shi da inji a bushe. Cikin rufin nan akwai amiyant (asbestos), wani zaren dutse da ake cakuɗawa da siminti, ƙurarsa ke ɓata huhu. Mai kwangilar can nesa yake tsayawa, ya toshe hancinsa da rawani, mu kuwa mun yi fari fat kamar an tono mu daga buhun gari. Ya sani! Mutumin da ya yi karatu a Faransa, inda aka hana amiyant tun 1997. Ranar da na je masa da takardar likita, jika biyar ya miƙo mini ta tagar mota, ko sannu bai ce ba. Na bar shi da Allah, amma har yau in na hangi motarsa zuciyata tafasa take.

Daren da ba na mantawa, cikin hunturu ne. Na yi sujada na kasa ɗagowa, iska ta ƙi shiga. Ɗiyata ƴar shekara tara tana yi mini fifita tana kuka, ni kuma ba bakin lallashinta.

Kada ku tsaya kan jiƙe-jiƙe, ni na ɓata shekara guda a kansu. Ku tafi Yamai wajen likitan huhu, a yi rediyo, wato hoton ƙirji, in da hali sikana, hoton da ya fi shi nuna cikin huhu, da awon numfashi. Maigidanki ya faɗa wa likitan da bakinsa irin rufin da ya taɓa yankawa, ko da shekara 20 ne baya, don ciwon sai ya daɗe yake fitowa. Likita ya ce mini zaren amiyant ya fi gashi siriri nesa ba kusa ba. In ya kai ƙasan huhu, ƙwayoyin jiki masu share datti su yi ta ƙoƙarin haɗiye shi su kasa, sai su riƙa zubo sinadarai masu ƙuna, ƙarfen da ke jikin zaren yana ƙara rura su. Haka huhu ke yin tabo ya ƙage, tabon kuma ba ya gogewa.

In yana shan taba, don Allah ki roƙe shi ya bari, ita da amiyant in sun haɗu haɗarin kansar huhu ninkuwa yake. Ke ma kada ki kakkaɓe kayan aikinsa a tsakar gida, ki jiƙa su tukuna, yara na nesa. Matata shekaru ta yi tana kakkaɓe nawa, abin da ke hana ni barci ke nan yanzu, ba tarin ba.

Allah ya ba shi lafiya. Ki faɗa mana abin da likitan ya gani.