Babana, ga amsar maganar suna da jego

Assalamu alaikum Babana, gwaggonka ce. Ka yi haƙuri kwana biyu shiru, saƙonka na saurare shi har sau uku a shago amma ka san kasuwar Kejetia ta Kumasi, mutum ba ya jin ko muryar kansa, shi ya sa nace bari in bari sai bayan isha'i in zauna in rubuta maka da hannuna yadda ko ka manta zaka dawo ka duba, kuma ka karanta wa amarya duka kar ka tsallake wani wuri. Ya jikin nata? Allah ya raba lafiya.

Abin da na ji a maganarka, haihuwa ta kusa, bizar Hajiya mamanta har yau bata fito ba, kana shawarar ko ka turo ta gida tunda na fari ne kuma al'ada a gaban iyaye ake yi, sannan kana tambayar ragon suna da wankan jego, da kuma cewa wai a can Hamburg tun kafin kwana bakwai ake neman sunan yaro.

Maganar turo ta gida dai ka ajiye ta. Shekara nawa kuka yi kuna jiran takardarta kafin ta same ka, ni na san zaryar da ta yi tsakanin Kumasi da Akra, yanzu da tsohon ciki zaka ɗora ta a jirgi, in ma sun yarda sun ɗauke ta, sannan yaro ya zo a nan a sake sabon layin nema masa tashi takardar, wata shida ko shekara kana can suna nan? A'a Babana. Duk wanda yace maka abin kunya ne ta haihu a ɗakinta ka turo shi wurina.

Akwai labarin da nake jin babanka bai taɓa baka ba, don shi a ciki yake lokacin. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da bashi da takardar zama ya bar Ghana cikin kwana 14. Ina da shekara 10, ina tuna manyan motoci cike da mutane da tabarmi da tukwane, mata suna sayar da kwanukan aurensu a wulaƙance, wasu da aka kora ma a nan zango aka haife su basu taɓa ganin Najeriya da ido ba. Baba, mai sunanka, Allah ya jiƙansa, ya samu ya zauna. Amma iyayen Inna da yayyenta duka suka tafi Sakkwato, gidan da yake cike ya koma fayau, ita kuma tana da cikin babanka. Da ta haihu a farkon 1970 babu uwa babu inna babu gwaggo. Wadda ta yi mata wanka na kwana arba'in wata tsohuwar Dagomba ce maƙwabciyarmu, wadda take kawo mata miya kullum da rana kuma wata Asante ce mai sayar da busasshen kifi, ko sallah bata yi, miyar kwakwa take kawowa mai zafi, Inna tun tana ƙyanƙyami har ta zo tana jiran ta. Ni ce mai ɗebo ruwa da hura wuta kafin asuba. Baba da kansa yake faskara itace, abin da namiji mai daraja a zango baya yi a idon jama'a a wancan zamani. Har Inna ta rasu in ta ambaci matan nan biyu sai ta yi hawaye ta yi musu addu'a.

Na kawo maka wannan ne don ka san abin da ya same ku ba a kanku aka fara ba, gidanmu gidan baƙi ne tun asali. Kakan Baba fataucin goro ya kawo shi, ta Salaga ya biyo, da rikicin Salaga ya tashi a 1892 mutane suka watse wasu Kete Krachi wasu Yeji, daga baya namu suka gangaro Kumasi. Ka ɗauka duk abin da ake yi a Kano ko Katsina suka iya ɗaukowa? Sun riƙe abin da ya riƙu, saura suka ara a wurin mutanen gari. Ka duba sunan da muke yi yau a unguwar Aboabo nan Kumasi, kanofi da kujerun haya da yayi, wato anko, da masu kiɗa har dare, wannan ai namu ne na nan, ɗan Kano in ya zo kallo yake yi.

Toh suna. Na je na tambayi limamin unguwarmu don kar in faɗa maka son raina. Yace a mazhabarmu ta Malikiyya dabba ɗaya ce ko mace ko namiji aka haifa, ranar bakwai, kuma in an haihu bayan alfijir ba a ƙirga wannan ranar, shi ya sa kake ganin wanda aka haifa Talata sunansa Talata mai zuwa. Yace sunna ce ga mai hali, kuma ya halatta ka wakilta wani ya yanka maka a wani gari. Saboda haka kar ka wahalar da kanka, kuma kar ka kuskura wani ya ruɗe ka ku je ku yanka a ɓoye, dokarsu a kan yanka mai tsauri ce, takardarka ta fi ƙarfin wannan gangancin. Ka turo kuɗi, Baffanka ya sayi rago, a yanka a ƙofar gida bayan asuba da sunan yaron, malamai su yi addu'a a raba goro da dabino, mu kira ku a bidiyo ku ce amin. Ka tuna kun riga mu da awa ɗaya yanzu da sanyi, sai da zafi ne yake zama biyu. Naman kuma akwai masu buƙatarsa a nan fiye da can, almajirai da zawarawan layinmu kaɗai sun isa. Ku a can ka je Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, mahautan Turkawa suna nan da naman halal, ka sayo a dafa wa wanda ya zo barka.

Na san wurin ne saboda wata ukun da na yi a 2018 lokacin jegon yayarka kafin su koma Landan, kwana 90 cif biza ta bani. A lokacin na ga yadda maganar rajistar take. Haihuwar ce ake kai rahotonta cikin sati ɗaya a ofishin da suke kira Standesamt, yawanci ma ta asibiti takardar take bi, sunan kuma in baku shirya ba suna ba da har wata ɗaya. Kuma ko da ka bayar ranar farko babu laifi, Annabi SAW a daren da aka haifi ɗansa Ibrahim ya sa masa suna. Ka yi masa kiran sallah a kunne, ka yi huɗuba da sunan da kuka zaɓa, ka tauna dabino ka ɗan shafa masa a baki, zuma kam kar a bashi sai ya shekara. Ranar bakwai sai a sanar wa duniya. Abin da nake so ka kula da shi sosai shine rubutun sunan. Mu nan zango kowa da yadda malamin makaranta ya rubuta masa, Husaini ya koma Fuseini, Abubakar ya koma Bukari, Zainab ta koma Zenabu, Muhammad kuwa ba a magana, gida ɗaya sai ka ga kala uku. Can harafi ɗaya in ya saɓa da fasfo ɗinka wahala ce ta shekaru. Ka rubuta a takarda tun yanzu ku duba ku biyu ka sa a jakar asibiti.

Aski ka yi masa da kanka a hankali, ko wani dattijo a masallacinku, a kimanta nauyin gashin da azurfa a yi sadaka da kuɗin. In namiji ne kaciya sai wurin likita, dokarsu ta yarda amma da sharaɗin a yi ta yadda asibiti ya tsara. Cire beli da tsaga da duk wani aikin aska, babu, ko a nan ni na hana a yi wa jikokina.

Yanzu jego, nan ne nake so ka buɗe kunne. Mutane sun ɗauka jego shine tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya da kunun kanwa. Ni an yi min, haihuwa shida, har yau akwai tabon ƙuna a cinyata. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka gano cewa yawan kanwar nan da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashi suna taɓa zuciyar maijego, jiki ya kumbura numfashi ya yi wuya, mu kuma da muna cewa sanyi ne ya shige ta sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Allah ya yafe wa iyayenmu, da ƙauna suka yi. Ita amarya ta yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda jikinta zai ɗauka, in aiki aka yi mata ma sai abin da likita yace. Kunu ta sha na gero ko koko da citta da kanumfari, kanwa a barta. Farfesu, tuwon zafi da miyar ayoyo, kifi, duk ta ci ta ƙoshi don nono. Ruwan nonon farko mai kauri ɗin nan, dakashi, kar a matse a zubar, shine maganin yaro na farko, kuma kar a ɗura masa ruwa ko rubutu, cibiya a barta ta bushe da kanta ba gashi ba shafe-shafe.

Amfanin jego na gaskiya shine kwana arba'in mace bata ɗaga tukunya, bata wanki, bata kwana ita kaɗai da kukan jariri, kullum akwai mai shigowa yace sannu. Wannan ne babu a can, kuma shine ya fi bani tsoro. Ni na gani da idona, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ƙofa a rufe, bene shiru kamar maƙabarta, yarinyar da ta tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu inda ko tari ta yi wani zai ce lafiya, ita ce zata wuni tana kallon bango. Yayarka ina tare da ita ma sai in tarar tana kuka a banɗaki. In ka ga amarya tana yawan kuka, bata barci ko yaro ya yi barci, bata son abinci ko tana cewa bata iya ba, kar kace shagwaɓa ce kar kace iska ce, ciwo ne sananne da yake kama masu jego kuma yana da magani, ka faɗa wa ungozoma ranar.

Ungozomar nan Hebamme suke ce mata, har gida take zuwa, kwana goman farko kusan kullum, daga baya jefi-jefi har wajen sati 12, inshorar lafiyarku ce take biya. Amma sun yi ƙaranci, in baku samu ba tukuna gobe-goben nan ka fara nema. Wadda ta zo wa yayarka ko kalma ɗaya bama ji da juna amma hannunta na gani na san ta san aiki.

Sauran aikin kuma naka ne Babana, kai ne gwaggo kai ne inna. Ka ɗauki hutu a wurin aiki, suna bai wa uba hutun haihuwa, ka tambaya tun yanzu don sai an sanar da wuri. Ka dafa, ka yi wanki, ka karɓi yaro da dare ta samu ta runtsa. In tace ka shiga ɗakin haihuwa da ita ka shiga, bata da kowa sai kai kuma Jamusancinta bai nuna ba, wa zai faɗa musu inda yake mata ciwo? Kunyar ɗan fari da muka yi, ni har yau ban iya kiran sunan babban yayanku ba, ta yi kyau a gidan da akwai hannu ashirin masu ɗaukar yaro. Ku biyu ne a ɗaki, in kun kawar da kai wa zai ɗauka? Ku rungumi abinku, ku yi masa Hausa tun yana tsumma, Jamusanci zai same shi a makaranta ko baku so ba.

Kuma ka rage zaman kai kaɗai. Mutanen Ghana a Jamus babu inda suka kai Hamburg yawa, kalmar boga ma da muke kiran ku da ita daga sunan garin ta fito, akwai 'yan zango da yawa, akwai matan da suka yi shekara ashirin a can sun aurar da 'ya'ya. Ka je masallaci ranar Juma'a ka gaida manya ka faɗa musu iyalinka ta kusa, ka kai amarya ta gaida matansu tun kafin ta sauka, ba sai ranar buƙata ba. Maƙwabtanka Turawa ma ka ƙwanƙwasa ka sanar da su za a yi baƙi ranar suna, ka kai musu abinci a kwano mai kyau, kuma taro ya watse kafin ƙarfe goma na dare don bayan nan doka ce a yi shiru, Lahadi kuma duk yininta haka take. In mutane sun fi ƙarfin ɗakin ku nemi zauren masallaci.

Hajiya na je mun zauna jiya, hankalinta a tashe yake, na ce mata ko bayan arba'in bizar ta fito ta tafi, amfaninta yana nan. Ka riƙa kiranta kana faɗa mata yadda ake ciki kar ta ji a bakin wani. Mun haɗa yajin jego da garin koko da kuka da kuɓewa busasshiya da man kaɗe da zannuwan goyo guda huɗu, nama da kilishi ban sa ba don ba a shiga da su Turai, kar a tsare ɗan mutane a filin jirgi. Akwai yaron layinmu da zai taso ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa in ya tabbatar da ranar. Babanka yace sunan ya bar muku ku zaɓa, amma in mace ce ni dai ina roƙon a mayar da Inna. Ka bani amarya a waya ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu, akwai maganar da ni da ita ce kawai.