Ga permi a hannu, babu mota: amsa ga sababbin direbobin manyan motoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 24, bara na samu permi C, wato lasisin tuƙin motar kaya, a nan Garwa. Duk mai motar da na je wurinsa, abin da yake fara tambayata shi ne wa na taɓa yi wa aiki. Da na ce babu, sai ya ce in bar lambata, shi ke nan. Ta yaya mutum zai goge in ba a ba shi mota ba? Daga ƙaninku a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kada ka ga laifin masu motocin nan. Kan tirela da bodinta dukiya ce ta miliyoyin sefa, wani lokaci kayan da ke ciki sun fi motar tsada, kuma da yawa bashi suka ci suka saya. Permi shaida ce cewa hukuma ta yarda ka hau titi. Ba ta gaya wa mai mota ko za ka sauko da tan 30 daga gangaren Ngawundere lafiya, ko za ka dawo masa da man gazuwal ɗinsa da lissafi. Wannan sai wani da ya amince da shi ya faɗa masa, saboda haka mutumin da zai tsaya maka za ka fara nema, kafin mota.

Hanyar da aka fi samun wannan mutumin ita ce kujerar yaron mota. Samari da yawa masu permi suna ganin ƙasƙanci ne, mu kuma muna ganin nan ce makarantar gaskiya. Amma ka zaɓi maigida da kyau. Ka tambayi makanikai da masu facin taya, su suka san direban da motarsa ba ta yawan kwana a gareji. Ka gaya masa tun ranar farko kana da permi, koyo ka zo yi, kada a shekara kana wanki da ɗaurin tampol kawai. Direban kirki zai fara ba ka sitiyari a fili, sannan in mota ba kaya, sannan da kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya da rana. In wata shida sun wuce bai taɓa barinka ka juya mota ko a cikin gareji ba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wani.

Kada kuma ka ɗora idonka a kan Duwala zuwa Injamena tun yanzu. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,800, ba a ba sabon hannu. Ka fara da aikin da mai mota zai riƙa ganin motarsa kowace yamma: tifar yashi daga bakin Binuwai, jigilar siminti daga Figil inda Cimencam take da masana'anta, rabon kayan shaguna tsakanin Garwa da Marwa. Lokacin kwasar auduga, daga wajen Disamba zuwa ƙarshen rani, masu motocin da ke yi wa Sodecoton jigila sukan buƙaci ƙarin hannu, haka lokacin albasa. A irin wannan lokaci ne ake gwada wanda ba a sani ba, don motoci sun fi direbobi yawa. Ngawundere ma wuri ne da ya kamata ka sani, domin nan layin dogo ya tsaya tun 1974, kuma daga nan ake sauke kaya daga jirgin ƙasa zuwa motocin da ke nufar arewa da Cadi, ko ta Kusiri ko ta Tuboro zuwa Mundu.

Sai takardu. Permi C na motar kaya ce da ta wuce kilo 3,500. In za ka ja tirela, sai ka ƙara permi E. Ka haɗa hoton permi, katin shaida, takardar likita da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, ka ajiye kwafi da yawa. Ka yi rajista a ofishin FNE na garinku, wato hukumar samar da aikin yi ta Kamaru, wanda ke Cadi kuma ya je takwararta ONAPE, domin kamfanonin gine-gine da ƙungiyoyin agaji sukan bi ta nan. Ka kuma riƙe ƙaramin littafi: rana, lambar mota, daga ina zuwa ina, nauyin kaya, kilomita nawa kai ka tuƙa, maigidanka ya sa hannu. Bayan shekara guda, in an tambaye ka wa ka yi wa aiki, kana da abin miƙawa.

Tambaya: An ce in zo gwaji a wani kamfanin jigila mako mai zuwa. Me suke dubawa? Daga ɗan'uwanku a Marwa.

Amsa: Gwajin yana farawa tun kafin ka hau. Wanda ya karɓi makulli ya haye kai tsaye ya tayar da inji, yawanci ya riga ya faɗi. Ka zagaya motar tukuna. Ka duba man inji da ruwan lagireto tun inji na sanyi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai. Ka bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki, ka ga ko dutse ya maƙale tsakanin tagwaye. Iskar manyan tayoyi takan kasance wajen bar 8 zuwa 9 a ma'aunin iska, kuma da sanyi ake auna ta. Tsatsa mai gangarowa daga gindin noti alama ce ya kwance. Ka ja zoben da ke ƙasan tankunan iska: in ruwa da mai suka fito da yawa, ka faɗa musu, don wannan ruwan ne ke lalata bawul ɗin birki.

In ka tayar, kada ka motsa sai allurar iska ta kai wajen bar 8 kuma ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Sannan ka kashe inji, ka taka birki ka riƙe, ka kalli allurar. In tana ta sauka, iska na zuba a wani wuri.

Wajen haɗa kai da tirela, ka daidaita tsayi, ka yi baya a hankali har ka ji ƙarar kullewa, ka sa giya ka ɗan ja gaba alhali birkin tirela na kame. Bayan haka ka sauka ka gani da idonka cewa hannun makullin ya koma wurinsa. A tiyoyin iska, jan tiyo shi ke cika tankin iskar tirela, rawaya shi ke kai umarnin birki. Ka ɗage ƙafafun tirela har ƙarshe. Tirelar da ta zame ta faɗi da hanci a ƙofar gareji, kusan kullum don an tsallake wannan dubawar ne.

A baya da baya ake kayar da mafi yawan sababbi. Ka tafi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, ka riƙa gyara kaɗan-kaɗan da wuri, ka fi son juyawa ta ɓangaren da kake zaune don kana ganin gindin tirela. In ka yi shakka, ka tsaya ka sauka ka duba. Babu mai gwaji da zai rage maka don ka sauka.

Za su kuma yi maka tambayar gangara, domin kowa a wannan layi ya san abin da gangaren da ke tsakanin Ngawundere da Mbe yake yi wa motoci. Amsar ita ce ka sa ƙaramar giya tun kana sama, ka kunna birkin inji, ka riƙa taka birkin ƙafa da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci kana saki. In ka ɗora ƙafa ka bar ta, gangar birki takan yi zafi ta buɗe, takalmin ya daina kamawa, iska kuma ta ragu. Sakin mota babu giya don tsimin mai, kada ka ko ambace shi. Ka san iyakar nauyi a sikeli ma: tan 13 a kan gatari ɗaya, 21 a kan biyu, 27 a kan uku, 50 gaba ɗaya. Mota na iya zama ƙasa da 50 a ci ta tara saboda an tara kaya a wuri ɗaya. In kun dawo, ka bar inji ya yi minti biyu ko uku kafin ka kashe, don turbo ya huce.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi sefa dubu 150 zai sama wa ɗana aikin tankar mai. In biya? Daga wata uwa a Kusiri.

Amsa: Hajiya, kada ki biya. Kamfanin da zai damƙa wa mutum tankar mai yana neman shekarun aiki da horo na musamman kan kaya masu haɗari, ba ya ɗaukar sabon direba ta hannun dillali. Ki ce ya kai ɗanki ofishin da kansa ya gana da mai kula da motoci. In ya fara kawo uzuri, kin samu amsa.

Kuɗin nan ya fi amfani a ƙara masa permi E, ko ya ci abinci da su a watannin da zai yi yana bin mota. In kuma Allah ya kawo aiki, ya tambayi abu huɗu kafin ya karɓi makulli: albashin wata nawa ne, kuɗin hanya nawa ne kowace tafiya, lita nawa ake ba shi zuwa kowane gari kuma wa ke biya in mai ya gaza, sannan ko za a yi masa rajista a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata. A rubuta, ko a faɗa gaban shaidu biyu. Ranar karɓar mota ya ƙirga tayoyi da lambobinsu, jak, safaya, tampol da batura tare da mai motar, ya duba kuma inshora da takardar gwajin lafiyar mota ba su ƙare ba, domin shi jandarma zai tsayar a hanya.