Ciwon suga da rage ƙiba a Jos: me zan ci?

'Yar'uwa, kin ce likita ya tabbatar miki da ciwon suga nau'i na 2, kina son rage ƙiba, kuma an ce ki bar komai sai acca. Don Allah kada ki takura kanki haka.

Acca abinci ne mai kyau, ga ta a wadace a Filato, amma ita ma tana ɗaga suga idan aka cika kwano. Yawan abin da kika zuba shi ne magana. Ki raba farantinki: rabi ganye, kabeji ko alayyahu ko zogale ko latas, waɗanda Allah Ya hore mana a kasuwar Farin Gada, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko kaza, sauran kuma tuwon acca ko na dawa. Dankalin turawa soyayye a rage shi sosai.

Abin sha mai zaƙi yana cutar da mutanenmu sosai. Lemon kwalba, kunun zaƙi, zoɓo mai suga da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi suna harba suga nan take, kuma ba sa ƙosarwa. Zuma ma suga ce, duk da abin da ake faɗa.

Ba sai kin rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki yana gyara suga sosai. Ki riƙa tafiya da ɗan sauri, minti 150 a mako, musamman bayan cin abinci.

Idan kina allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga da ake kira glibenclamide, tsallake abinci na iya faɗar da suga ƙasa, ki ji rawar jiki da zufa da jiri. Ki tuntuɓi likitanki kafin ki rage abinci, kuma kada ki ajiye magani saboda na gargajiya. Allah Ya ƙara lafiya.